Jar Ƙwayar Koci Bala

Talata, 9 ga Yuli, 1991, bayan azahar

A littafin nan nake rubuta nisan da na yi a kan keke kowace safiya. Yau babu nisa.

Na isa masaƙa da sassafe na tarar abokan tserena sun fito da kekuna. Koci Bala ya ce su wuce, ni in tsaya. Ya ja ni bayan sito ya ce an bugo waya daga Legas. Fitsarin da aka ɗiba bayan tseren watan jiya, wanda na zo na ɗaya, an kai shi waje an gwada, wai an sami wani abu a ciki. Ya faɗi sunan abin da Turanci, dogon suna, ban riƙe ba. Ya ce kada in sake hawa keken kamfani sai kwamiti ya zauna. Na ce to tafiyar Masar fa, babbar gasar da aka zaɓe ni in je? Sai ya sunkuyar da kai.

Shekara tara ina yi wa Masaƙar Tauraro tsere. Sunana yana cikin ma'aikata amma ban taɓa riƙe zare ba, feda ce aikina. Na dawo a bas, na sauka Ƙofar Doka, na tako har Limancin Kona. Mai shayin bakin ƙofa ya ce, "Nasidi, yau ina keken?" Na ce yana wajen gyara.

Laraba, 10 ga Yuli, da hantsi

Ban fita ba. Na ce wa matata Rahmatu ƙafata ce ke ciwo.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

An faɗa a rediyo, cikin labarin wasanni. Sunana cikakke, har da sunan unguwa. Rahmatu tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Baban Adama, wace ƙafar ce?" 

Malam, mahaifina, ya aiko in zo zaure bayan ya sallami masu ɗaukar karatu. Bai taɓa zuwa kallon tserena ba. Ranar da na fara fita da gajeren wando ya yi mako bai amsa gaisuwata ba. Daga baya ya ƙyale ni, amma ko da na kawo kofi bai taɓa cewa komai ba sai Allah ya kiyaye hanya.

Ya ce, "Me ka sha?"

Na ce, "Malam, bitamin aka ce."

"Wa ya ce?"

Na dubi tabarma.

Ya rufe littafin da ke gabansa, ya cire gilashi. Ya ce, "Da aka ba ka, ka tambaya?"

Muna nan zaune har wani baƙo ya yi sallama, na tashi.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Ƙafafuna ba su san an dakatar da ni ba. Da asuba suka tashe ni, cinyoyin suna motsi da kansu. Na yi salla na dawo na zauna a tsakar gida ina kallon ruwan indararo.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan azahar

Koci ya zo. Bai shigo zaure ba, ya tsaya da babur ɗinsa can kan lungu ya aiko a kira ni. Muka zagaya bayan masallaci.

Ya ce akwai mafita. Kwamiti zai zauna a Kaduna ƙarshen wata. In na ce mura ta kama ni kafin tsere, na shiga kemis na sayi maganin tari na sha ba tare da sanin kowa ba, za su ce kuskure ne. Wata uku kawai. Masar ta wuce ni, amma kafin rani na dawo kan keke. In ba haka ba shekara biyu.

Na ce, "Koci, ni ban yi mura ba."

Ya ce, "Kowa yana yin mura da damina."

Ya koya mini sunan maganin, ya sa na maimaita har bakina ya iya. Ya ce akwai wani mai kemis a Sabon Gari da zai ce ya tuna fuskata. Sannan ya dafa kafaɗata, yadda yake yi a bakin layi kafin a busa usur, ya ce, "Kyaftin, mutum shida ne a bayanka. Ka tuna da su."

Wannan mutumin shi ya gan ni ina ɗan shekara ashirin da ɗaya ina tsere da motar haya a kan keken yayana, ya tsayar da ni ya ce in zo masaƙa gobe. Shi ya koya mini zaman sirdi. Da na karye a hanyar Jos shi ya kwana da ni a asibiti. Ina rubuta wannan don kada in manta da shi ma.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Rahmatu ta je suna a maƙwabta ta dawo da wuri. Ta shige ɗaki ba ta cire mayafi ba. Sai da na matsa ta ce tana shiga aka yi tsit, can wata tsohuwa ta ce Allah ya shirya mana zuri'a, wai ɗan gidan malamai ya zama ɗan ƙwaya.

A garin nan ƙwaya ƙwaya ce. Ba wanda zai tsaya ya bambance ni da masu tangaɗi a tasha.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Na tsaya a sahun baya. Na fita kafin a gama addu'a.

Litinin, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Cika-ciki. An yi tuwo da kaji, gida ya cika da 'yan'uwa, kowa yana yi mini magana a hankali kamar mai jinya. Yaya Ja'afaru, wanda ke aiki a sakatariya, ya ce shi zai raka ni Kaduna. Ya ce in sa manyan kaya, kada in sa rigar kamfani.

Ana cikin cin abinci aka ce ana sallama da ni. Walter ne, ya zo daga Wusasa a kan keken tsere, ruwa ya jiƙa shi. Ni da Walter tare muka shiga ƙungiya. Shi ke jan ni a hawa, ni in ƙarasa a layi. Mahaifiyarsa takan ajiye mini kunu in mun biyo ta gidansu. Sunansa yana cikin masu zuwa Masar, kuma an sa bikinsa da Clara bayan ya dawo.

Na kawo masa tuwo zaure, bai taɓa ba. Ya ce, "Nas, Koci ya ce ya gaya maka yadda za ka yi."

Na ce ya gaya mini.

Ya ce, "To ka yi. Wata uku ba komai ba ne. In ka ambaci sunansa manaja zai rufe ƙungiyar, ya faɗa da bakinsa. Ni ba ni da wata sana'a. Baban Clara da ƙyar ya yarda, don ya ga ina da albashi."

Na ce, "Kai kana sha har yanzu?"

Ya dubi ƙofa ya ce, "Duk mun sha. Kai aka kama don kai ka ci."

Na raka shi bakin lungu. Na riƙe masa keken yana ɗaure takalmi. Na daɗe ban ji rashin nauyin keken tsere a hannuna ba. Sai da ya ce in saki na saki.

Laraba, 24 ga Yuli, da safe

An buɗe kwalbar fitsarin ta biyu an gwada. Sakamakon daidai da na farko.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan azahar

Na gaya wa Rahmatu komai, har da maganar kemis. Na zaci za ta ce in bi ta wata uku. Ta ce, "Wato shi ya ba ku da hannunsa, kai za ka je ka ce kai ka saya? Ya ci gaba da ba 'ya'yan mutane?" Na ce akwai Walter, akwai sauran. Ta ce, "Akwai Adama ma. Nan gaba a makaranta me za a ce mata ubanta ya yi?"

Na ce ko me na faɗa sunan ya riga ya ɓaci. Ta ce ita ba sunan take ji ba, ni take kallo, na rame, ba na cin abinci, ina magana ni kaɗai a bayi.

Maimaita sunan maganin tarin nake yi. Ban gaya mata ba.

Asabar, 27 ga Yuli, da hantsi

Na sauke kofunan daga kan kabet. Rahmatu ta jera su ne tare da kwanukanta, tana goge su duk Juma'a. Na zuba su a buhu na tura ƙarƙashin gado.

Ina ta tuna tseren Legas, na watan jiya. Koci ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da safe, jar ƙwaya ƙarama a tafin hannunsa, da kofin ruwa. Ba ranar ya fara ba. Tun bara yake ba mu in tsere babba ne. A kan doguwar gada kowa ya fara buɗe baki yana neman iska, ni kuwa kamar lokacin na hau. Na wuce wani ɗan jihar Bendel da ya saba cin mu, na ga ya juyo yana kallona. Bayan an gama hannuna ya ƙi daina rawa, na kasa riƙe cokali. Na ce wa kaina murna ce.

Kofin Jos na shekarar da aka haifi Adama, wannan kafin jar ƙwayar ne. Na tabbata. Na fito da shi daga buhun, na sake mayarwa.

Litinin, 29 ga Yuli, bayan magariba

Na je yi wa Malam sallama. Ban gaya masa maganar kemis ba, amma ina jin Yaya Ja'afaru ya gaya masa. Ya ce, "Za su sa ka rantsuwa?" Na ce ban sani ba, wataƙila sa hannu kawai. Ya ce, "Duk ɗaya ne." Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya tofa a tafin hannuna. Da zan fita ya kira sunana, na juyo, ya ce, "Ni ban san keke ba. Amma ban haifi wanda zai kasa kallon idona ba."

Ban san ko umarni ne ko tambaya ba.

Talata, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Mun je Kaduna mun dawo.

Laraba, 31 ga Yuli, da safe

Ban fita ba. Yaya Ja'afaru ya shiga wajen Malam sun daɗe.

Juma'a, 2 ga Agusta, da hantsi

Bari in rubuta, ko zan daina jin sa a kaina.

Ɗaki ne mai fanka, da dogon tebur. Mutum uku daga Legas da wata likita mai furfura. Koci yana zaune a benci a waje, da na wuce ya ɗaga mini babban yatsa. Sunan maganin yana bakina, na shirya shi tsaf.

Shugabansu ya karanta abin da aka samu. Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da Turanci, a hankali don in gane, wani lokaci mutum yakan sha maganin mura bai sani ba. Ta ce, "Kana mura a makon?" Ita da kanta ta buɗe mini ƙofar. Abin da ya rage in ce e.

Na ji bakina ya ce a'a.

Daga nan ban iya tsayawa ba. Na faɗi launinta, na faɗi tun yaushe, na faɗi hannun da ya miƙo. Suka ce su wa kuma suka sha? Na ce ni bakina na sani. Shugaban ya ce ka san mene ne? Na ce an ce bitamin. Ya ce ka yarda bitamin ne? Fankar tana ta juyawa. Yaya Ja'afaru ya taka ƙafata a ƙarƙashin tebur. Abin da na amsa yana cikin takardarsu.

Da muka fito bencin ba kowa.

A mota, da muka wuce Jaji, Yaya ya dube ni. Ya ce, "Da ka tsaya a kan an ce bitamin, da sun rage." Na ce na sani. Ya sayi gasasshiyar masara ya raba biyu ya miƙo mini.

Talata, 6 ga Agusta, bayan azahar

Shekara biyu.

Shekarata talatin. Na san yadda ƙafar ɗan talatin da biyu take in ta yi shekara biyu ba tsere. Na sha wuce irinsu a hanya, ina gaishe su da girmamawa.

Laraba, 7 ga Agusta, da safe

Rahmatu ta yi kuka jiya, yau ta tashi ta yi mini waina. Ta ce ta fi son wannan fuskar da ta makon jiya. Ni ban ga bambanci a madubi ba.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Manaja ya tara mu a ofis, su shida da ni na bakwai. Ya ce kamfani atamfa yake saƙawa, ba zai riƙa jin sunansa a rediyo da irin wannan magana ba. An rufe ƙungiya daga yau. Wanda yake so a ba shi aiki a ɗakin saƙa, a matakin sabon ɗauka. Wanda ba ya so ga hanya. Daga Legas kuma an cire duk ɗan Tauraro daga tafiyar Masar. Koci Bala ya kwashe iyalinsa tun ranar Lahadi, ba wanda ya san inda ya nufa.

Aka sa muka tura kekunan cikin sito da hannunmu. Mai gadi ya zura sarƙa ta cikin tayoyin ya sa kwaɗo.

A waje Kabir, ƙaraminmu, wanda bana ya fara cin tsere, ya tofar da yawu kusa da takalmina. Biyu suka wuce kamar ba su gan ni ba. Walter ya tsaya. Na zaci zai zage ni, na so ya zage ni. Ya ce, "Ka ji daɗi yanzu? Ka wanke kanka." Na ce ban faɗi sunan kowa ba. Ya ce, "Ba sai ka faɗa ba."

Lahadi, 11 ga Agusta, da hantsi

Ban fita ba.

Talata, 13 ga Agusta, bayan tashi daga aiki

Na fara ɗakin saƙa. Ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, ba ta tsayawa. Auduga tana shiga hanci. Wanda ke koya mini ɗaura zare ya ce shi ma ya taɓa tsayawa a bakin titi yana yi mini tafi. Bai faɗa da mugunta ba, shi ya sa ta fi zafi.

Walter yana layi na uku daga nawa. Da aka tashi cin abinci ya ɗauki kwanonsa ya koma wajen famfo.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Malam ya aiko in zo mu tafi masallaci tare. Ya sa ni a gefensa tun daga ƙofar gida, ya bi ta hanyar da ta fi mutane. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ce, "Ga Nasidi." Dole su miƙo mini hannu. 

Ya kamata in ji sanyi. Na ji, amma kaɗan. Mutum shida ba su da uban da zai zagaya da su.

Talata, 20 ga Agusta, bayan tashi daga aiki

An ɗaga bikin Walter. A bakin wani na ji. Kabir ya bar aiki ya tafi Kano neman wata ƙungiya, an ce da suka ji daga inda ya fito suka ce ya dawo wani lokaci.

Rahmatu ta ce ba ni na ba su ƙwayar ba. Gaskiya ne. Na ce mata gaskiya ne. Na sake ce mata gaskiya ne har ta dube ni.

Alhamis, 22 ga Agusta, da safe

Wandona na aiki ya fara matse ni a ciki, ya saki a cinya.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan azahar

Bayan asuba na kasa zama. Na ɗauki baƙin keken Yaya Ja'afaru, mai kariya da ƙararrawa, wanda yake zuwa ofis da shi. Na fita ta Ƙofar Kuyambana na hau hanyar Kaduna, da doguwar riga, na naɗe ta a ƙugu. An yi ruwa, masara ta yi kore shar har gindin Kufena.

Daidai Ɗan Magaji na hango wani a gabana a kan tsohon keke irin nawa. Ban ga fuskarsa ba, amma ba mai lanƙwasa baya haka sai mutum ɗaya. Na yi tunanin in juya. Ƙafafuna suka ci gaba.

Na kamo shi na zauna a bayan tayarsa. Ya san ni ne, ya ji numfashina. Bai juyo ba, bai gaishe ni ba, sai ya ƙara wuta. Na bi. Ya sake ƙarawa. Kekunan suna ta ƙara kamar za su warwatse, ƙararrawar Yaya tana kaɗa kanta a kowane rami. Direban wata tirela ya leƙo yana dariya, manya biyu suna tsere a kan keken zuwa kasuwa.

Kafin Farakwai akwai hawan da muke wucewa da muna hira. Yau ƙirjina ya kama wuta tun daga gindinsa. Na ga bayan rigar Walter ya jiƙe, kafaɗunsa suna rawa, yana taka feda da dukan jikinsa. Iska tana dukansa a gaba, ni ina ɓoye a bayansa. A tsere, in na gaba ya gaji da tare iska yakan kaɗa gwiwar hannu, na baya ya fito ya karɓe shi. Ba a yi wa abokin hamayya wannan, sai ɗan ƙungiya. Na ce a raina ko zai faɗi ba zai yi mini ba.

Muka kai tsakiyar hawan. Keken nasa ya fara kaiwa da komowa.

Sai ya kaɗa gwiwar hannu.

Na fito na shiga gabansa.